Waiwaye: Yadda binciken kimiyyar gano masu laifi ya rasa mai ɗaukar nauyinsa a Ingila

Duk lokacin da aka tayar da maganar ɗakunan gwajin jini, gashi, guba da zaren tufafi da kotunan Ingila da Wales ke dogaro da su, shekarar 2012 ake ambata, lokacin da aka rufe hukumar gwamnati mai wannan aiki, Forensic Science Service, wadda aka fi sani da FSS. Masu muhawara kan wanda zai biya kuɗin sabon bincike suna magana kamar a ranar matsalar ta faɗo daga sama, alhali ta haura shekara ashirin tana tafe.

Farkon labarin kowa ya san shi. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester ya gano ana iya bambance mutum da mutum ta DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. Shekara guda bayan nan, shi da masana biyu na FSS suka nuna dabarar tana aiki a kan tsohon tabon jini da na maniyyi. A 1995 aka buɗe rumbun bayanan DNA na ƙasa, irinsa na farko a duniya.

Shekarar da ba a cika tunawa ba ita ce 1991. A lokacin ne aka sauya wa hukumar tsari, rundunonin 'yan sanda suka koma biyan kuɗi kai tsaye a kan aikin da suka kawo. Hujjar tana da ƙarfi: wanda ke biya daga aljihunsa ba zai turo tarkacen da ba shi da amfani ba, layin jira kuma zai ragu. Sai dai takardar biyan kuɗin aiki tana da gurbin gwajin jini da na guba, ba ta da gurbin masanin da zai shafe shekaru yana gwada sabuwar dabara kafin ta isa a kai ta gaban alƙali. Babu rundunar da za ta sayi abin da bai riga ya wanzu ba. Daga nan bincike ya koma rayuwa a kan rarar ciniki, kamar marayan da ke jiran ragowar tukunya.

Abin da ya ɓoye illar shi ne ciniki ya yi kyau. DNA na tashe, samfura na kwarara, rara na samuwa, har hukumar ta fito da dabarar karanta DNA daga ƙwayoyin halitta ƙalilan a ƙarshen shekarun 1990. Wa zai ce akwai matsala a irin wannan lokaci?

Sauran matakan bin sawu kawai suka yi. A 1999 aka ce FSS ta riƙe kanta da kuɗin shigarta, a 2005 ta zama kamfani mallakar gwamnati. Kamfanoni masu zaman kansu suka shigo, farashi ya karye, rundunoni da dama suka mayar da wasu gwaje-gwajen cikin gida. A Disamban 2010 aka sanar za a rufe FSS, ana cewa tana asarar kusan fam miliyan 2 duk wata.

Tun daga nan kamfanonin da suka gaji aikin riba kaɗan suke samu, masu ba jami'o'i tallafin bincike kuma sukan ɗauki fannin a matsayin aikin 'yan sanda. Fannonin da ba a yawan saye, irin su nazarin zare da ɓurɓushin fenti ko gilashi, su suka fi jin jiki, don ƙwararre ba ya zama inda babu aiki. A 2019 kwamitin kimiyya na majalisar dattawan Birtaniya ya ba da shawarar kafa cibiyar ƙasa da za ta jagoranci wannan bincike. Scotland da Ireland ta Arewa kuwa har yau ɗakunan gwajinsu na hannun hukuma.