Tambayoyin da ake yawan yi mini kan tsarin tallata ƙaramar sana'a

Na daɗe ina amsa waɗannan tambayoyi, yau wannan ya yi, gobe wancan ya maimaita. Na ga gara in tara su wuri guda. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wai mene ne tsarin talla?

Takarda ce da za ka rubuta wa kanka abu biyar: wa kake so ya sayi kayanka, me za ka faɗa masa, a ina za ka same shi, nawa za ka kashe, sannan ta yaya za ka gane ko tallan ya yi amfani. Iyakarsa ke nan.

Dole ne sai na rubuta? Ai yana cikin kaina.

Dole ne. Abin da ke cikin kai yana bin yanayin ciniki. Ranar da aka yi ciniki sai ka ga komai daidai, ranar da kasuwa ta yi sanyi sai ka rushe komai ka kama wani abin daban. Shafi ɗaya ya wadatar.

Kayana na kowa ne, don me zan ware wasu mutane?

Wannan maganar ita ta fi ɓata mini rai, don ita ce ke cinye kuɗin masu ƙananan sana'a. Kai da jarinka bai taka kara ya karya ba, da me za ka yi wa kowa da kowa magana? Buɗe littafin cinikinka, ka fitar da mutum goma da suka fi dawowa. Shekarunsu nawa, wane aiki suke yi, yaushe suke zuwa, wace matsala ce ke kawo su? Idan ba ka sani ba, ka tambaye su, ba su cizo. Irin waɗannan mutanen za ka nema ka ƙara. Ba a ce ka kori sauran ba, in sun zo ka sayar musu, amma kuɗin tallanka ba nasu ba ne.

Na ji ana maganar ginshiƙai huɗu na kasuwanci. Sai na karance su?

Wani malamin jami'a a Amurka, E. Jerome McCarthy, shi ya jera su a 1960: haja, farashi, wurin sayarwa, da talla. Ba sai ka haddace komai ba. Abin lura kawai shi ne talla na huɗu ne a jerin. In hajar ba ta da kyau, ko farashin ya fi ƙarfin mutanen da ka zaɓa, ko suna shan wahala kafin su same ka, talla zai ƙara yawan waɗanda za su ga aibinka ne kawai.

Burina shi ne ciniki ya ƙaru. Hakan bai isa ba?

Bai isa ba. Ya ƙaru da nawa, zuwa yaushe? Tun 1981 wani masanin gudanar da kamfanoni, George Doran, ya yi rubutu cewa buri sai ya kasance takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, kuma mai wa'adi. Rubuta: sababbin kwastomomi ashirin cikin wata uku. Wannan in wa'adi ya cika za ka iya ƙirgawa.

Wane dandali zan buɗe, Facebook ko Instagram ko TikTok?

Wanda mutanen nan goma suke amfani da shi. Ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kuma don Allah kada ka ɗora dukkan sana'arka a kan shafin da ba naka ba. A watan Janairun 2018 kamfanin Facebook ya sanar cewa zai fifita rubuce-rubucen 'yan'uwa da abokai a kan na shafukan kasuwanci, masu shafuka ba su da ta cewa. Mai dandali yana iya sauya doka duk ranar da ya ga dama. Saboda haka ka riƙa tara lambobin kwastomominka da yardarsu, ka adana a wurinka. WhatsApp Business, wanda shi ma ya fito a 2018, kyauta ne kuma yana da wurin jera kaya. Amma kada ka dame su da saƙo safe da yamma, za su toshe ka.

Nawa ya kamata in kashe a talla?

To, nan sai mun zauna, don ba tambaya ce mai amsa ɗaya ba. Za ka ji wasu suna cewa a ware kaso kaza cikin ɗari na ciniki. Ba na ƙin wannan a matsayin iyaka, amma ba na so ka ɗauke shi kamar doka, domin sana'ar da ribarta ke da kauri da wadda ribarta ƙalilan ce ba za su ɗauki kaso ɗaya ba, haka sabuwar sana'a da wadda ta shekara goma.

Ga lissafin da na fi yarda da shi. A ce cikin wata guda ka kashe 20,000 a talla, ko da wane irin kuɗi kake ciniki, ka samu sababbin kwastomomi goma. Ke nan kowane ɗaya ya ci maka 2,000. A ce kuma ribarka a kan kowane ciniki 800 ce, ina nufin abin da ya rage bayan ka cire kuɗin sari da na kai kaya. In mutum sau ɗaya ya saya bai dawo ba, ka yi asarar 1,200 a kansa, ko da kuwa kana ganin shago ya cika. In kuma yana dawowa sau huɗu a shekara, ribarsa ta kai 3,200, tallan ya biya kansa har da ƙari. Kun ga talla ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, amma ga wannan asara ne, ga wancan riba.

Sai dai ko wannan lissafin a riƙe shi da hattara. Na farko, kuɗin tallan yau za su fita, ribar kuwa sai a hankali cikin shekara za ta shigo, kuma tana yiwuwa a tsakani ka rasa na saro kaya. Na biyu, ba kullum ake sanin abin da ya kawo mutum ba. Wani ya ga tallanka sau uku bai motsa ba, sai da abokinsa ya yaba maka sannan ya zo, in ka tambaye shi zai ce aboki ne ya turo shi. Duk da haka ka riƙa tambayar kowane sabon kwastoma inda ya ji labarinka, kana rubutawa, ko amsar ba ta cika daidai ba, ta fi hasashe. Na uku, mutum goma adadi ne kaɗan, wata guda na iya zama dace ko rashin dace, musamman in sana'arka mai lokaci ce. Ni dai nakan ce a gwada wata uku kafin a yanke hukunci, ko da yake mai sayar da kaya masu tsada, waɗanda ake daɗewa ana shawara kafin a saya, zai iya buƙatar fiye da haka.

Abin da ba na sassauci a kansa biyu ne. Kada ka ci bashi don talla, kuma kada ka taɓa uwar kuɗi. Fara da abin da in ya tafi gaba ɗaya ba zai hana ka buɗe shago gobe ba. Ka raba shi a hanya biyu, wadda ta kawo mutane da arha ka ƙara mata, ɗayar ka dakatar. Kuma ka tambayi kanka tun yanzu, in tallan ya yi nasara, mutum talatin suka zo rana ɗaya, kana da kayan ba su?

In karya farashi don in jawo mutane?

Rangwame mai dalili da wa'adi, babu laifi. Na kullum kuwa, kana koya wa mutane ne su jira sai ka sauke.

Abokin hamayyata ya fi ni talla. In kwaikwaye shi?

A'a. Tallansa kake gani, ba ka ga littafin cinikinsa ba. Ka saurari ƙorafin da kwastomominsa suke yi, in jinkiri ne ko rashin amsa waya, kai ka gyara wannan a naka.

Na yi wata guda ina bin tsarin, ban ga komai ba. In bari?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, kuma wata guda bai isa a ce ka gaza ba. Ɗauko takardar ka duba a ina abin ya tsaya. In mutane ba su ga tallan ba, wurin da ka sa shi ne matsala. In sun gani ba su tambaya ba, maganar da ka rubuta ce ba ta taɓa su ba. In sun tambaya ba su saya ba, duba farashi da yadda kake amsa musu. Abu ɗaya za ka sauya, ka bar sauran yadda suke, sannan ka sake ƙirgawa a ƙarshen wata mai zuwa.