Tsara Tafiyar Aiki a Manhajojin Manyan Kamfanoni

Tafiyar aiki ita ce jerin matakan da wata buƙata ke bi a cikin ma'aikata, daga lokacin da ta taso har a biya ta. Sayen kaya misali ne: sashe ya nema, manaja ya sa hannu, a aika wa mai kawo kaya oda, ma'ajin sito ya karɓa ya ƙirga, akanta ya biya. Fannin tsara tafiyar aiki shi ne zana wannan hanya, a ɗora ta kan manhaja, a riƙa auna ta ana gyarawa.

Fannin ya girmi kwamfuta. A 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka hanyar zana matakan aiki da alamomi. A 1962 Carl Adam Petri na Jamus ya fito da tsarin lissafi na bayyana ayyukan da ke gudana lokaci guda, wanda har yau masu bincike ke dogaro da shi. Manhajojin da ke haɗa sayayya, sito, albashi da akanta a rumbun bayanai ɗaya, waɗanda ake kira ERP, su suka sa zanen ya zama dole, domin manhaja ba ta san "a bari sai oga ya dawo" ba. Kamfanin SAP, wanda tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a Jamus a 1972, ya fitar da irin wannan manhaja mai suna R/3 a 1992. A shekarar ce kuma ayarin Farfesa August-Wilhelm Scheer na Jami'ar Saarland ya fito da salon zane na EPC, wanda aka yi amfani da shi wajen bayyana ayyukan manhajar.

Labarin da ya fi fito da ma'anar fannin shi ne na sashen biyan kuɗi na kamfanin motoci na Ford, kamar yadda Michael Hammer ya bayar a mujallar Harvard Business Review a 1990. Sashen yana da ma'aikata sama da 500 a Arewacin Amurka, shugabanni kuma suna fatan rage kashi 20 cikin ɗari. Sai suka leƙa Mazda na Japan, suka tarar mutum biyar ne ke wannan aiki. Ko da an yi la'akari da bambancin girman kamfanonin, ratar ta yi yawa.

Da aka bi diddigi, sai aka ga inda gizo ke saƙa. Takardu uku ke isa teburin akawu: kwafin oda, shaidar karɓar kaya daga sito, da takardar neman biya daga mai kawo kaya. Sai abubuwa 14 sun yi daidai kafin a biya, kuma yawancin lokacin akawu yana tafiya ne wajen bin sawun takardun da suka saɓa. Ford ya soke takardar neman biyan gaba ɗaya. Ana shigar da oda a rumbun bayanai. Idan mota ta sauke kaya, mai karɓa ya duba kwamfuta. In abubuwa uku sun dace, wato lambar kaya, ma'auni da lambar mai kawowa, ya karɓa, manhaja ta shirya biya. In ba su dace ba, kaya su koma. Ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin ɗari. Abin lura shi ne an sauya dokar aikin ce, daga "muna biya in takarda ta zo" zuwa "muna biya in kaya sun zo". Sai dai daga baya kamfanoni da dama sun fake da wannan salo suna sallamar ma'aikata kawai, abin da ya zubar masa da daraja.

Salon zanen da ya fi yaɗuwa a yau shi ne BPMN. Ya fito a 2004, ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta fitar da sigarsa ta 2.0 a 2011, ya zama ma'aunin duniya ISO/IEC 19510 a 2013. Da'ira na nuna farawa ko ƙarewa, akwati na nuna aiki, murabba'in da aka tsayar kan kusurwarsa na nuna mararraba inda ake yanke shawara. Ana raba shafin layi-layi kamar kunyoyin gona, kowane sashe da nasa, don a ga inda aiki ke tsallakawa daga hannu zuwa hannu, wurin da jinkiri ya fi yawa.

Zane dai yakan nuna yadda ake so aiki ya tafi ne, ba lallai yadda yake tafiya ba. Wannan giɓi ya haifar da haƙar tafiyar aiki, wato tono ainihin yadda aiki ya gudana daga bayanan manhaja, wadda Wil van der Aalst ya jagoranta a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke Holan. Kowane mataki a manhaja yana barin sawu: lambar oda, sunan aiki, da lokaci. Daga waɗannan ukun ake sake gina ainihin hanyar da aka bi, a ga odar da aka biya kafin a amince da ita, ko wadda ta yi ta kai-komo tsakanin ofisoshi biyu. Kamfanin Celonis, da aka kafa a Munik a 2011, kan wannan ya gina kasuwancinsa.