Gwajin daɓen gadar kankare ba tare da fasawa ba

Gwajin daɓen gada ba tare da fasawa ba rukunin dabaru ne da injiniyoyi ke bi don gano ɓarnar da ke ɓoye cikin kankaren da motoci ke takawa. Yawancin ɓarnar daga rodi take farawa. Ruwa da gishiri kan ratsa kankare su kai ga ƙarfe, musamman a ƙasashen sanyi inda ake watsa gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, saboda haka takan tura kankaren ya rabu gida biyu daga ciki, alhali samansa na nan lafiya lau.

Dabara mafi tsufa ita ce jan sarƙa a kan daɓen ko ƙwanƙwasa shi da guduma. Kankare mai lafiya ƙara yake yi tangaran, wanda ya rabu kuwa sai ya amsa kamar ganga. Tana da arha, kuma har yau ba a bar ta ba, sai dai ta dogara ga kunnen mai gwaji, ga shi kwalta na danne sautin, kuma tilas a tare hanya.

A shekarun 1980 Nicholas Carino da Mary Sansalone suka ɓullo da dabarar bugu da amsa-kuwwa a Amurka: a buga ɗan ƙwallon ƙarfe a kan kankare, na'ura ta saurari girgizar da ta dawo, a lissafa zurfin tsagar. Na'urar rada tana aika igiyoyin rediyo har ta ƙarƙashin kwalta, ta karanta waɗanda suka dawo don gano wurin da ya lalace, kuma ana iya ɗora ta a mota. Kyamarar zafi kuwa rana take jira, domin ɓangaren da ya rabu yakan riga sauran ɗaukar zafi.

Ita kanta tsatsar da lantarki ake bibiyar ta. Bisa ASTM C876, wata ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar tsara ma'aunai da ke Amurka, idan awon ƙarfin lantarki tsakanin rodi da sandar tagulla da aka ɗora a kan kankare ya faɗi ƙasa da milibolt -350, yiwuwar rodin na tsatsa a wurin ta haura kashi 90 cikin ɗari.

Kowace dabara da abin da take gani, don haka akan haɗa biyu ko uku, sannan a haƙo ɗan curin kankare a wurare kaɗan domin tabbatarwa.