Ba Igiyar Ruwa Kaɗai Ke Zaɓa wa 'Ya'yan Kaguwa Mazauni Ba

An daɗe ana ɗauka cewa 'ya'yan kaguwa da na jatan lande ba su da ta cewa game da inda za su zauna, wai duk inda igiyar ruwa ta yar da su nan ne gidansu. Abin da ake gani a mashigin tekun Chesapeake na Amurka ya nuna akasin haka.

Shuɗiyar kaguwar wannan yanki tana ƙyanƙyashe ƙwayayenta a bakin mashigin, 'ya'yan su yi makonni suna yawo a tekun Atilantika, sannan su komo ciki suna neman ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa. Gaskiya ne ganyen ciyawar yana rage ƙarfin ruwa, wanda ke sauƙaƙa musu sauka, amma su ma suna jin sinadaran da ciyawar ke fitarwa, kuma hakan yana gaggauta rikiɗarsu zuwa ƙananan kaguwa. Inda ganye ya yi kauri sun fi samun abin maƙalewa da maɓoya daga kifaye, har ma daga manyan kaguwa masu cin ƙananansu, abin da da wuya su samu a kan yashi fili.

Shi ya sa raguwar ciyawar bayan guguwar Agnes ta 1972 ta kasance babbar asara ga wannan mashigi.