Yadda likitocin ƙetare suka zama likitocin karkarar Amurka

A 2023 jihar Tenesi ta yi dokar da ta buɗe wa likitan da ya yi karatu da aiki a wata ƙasa hanyar samun lasisi ba tare da ya maimaita horon ƙwarewa a asibitin Amurka ba. Jihohi da dama sun bi sahu, gardama kuma ta ƙi lafawa: wasu na ganin an samo wa karkara mafita, wasu na tsoron a sassauta ma'auni. Wanda ya tsinci zancen daga nan zai ɗauka jiya aka fara, alhali kusan ɗaya cikin kowane likitoci huɗu da ke aiki a ƙasar a waje ya yi karatu.

Farkon labarin sananne ne. A 1956 aka kafa hukumar tantance takardun likitocin ƙetare. A 1965 aka soke rabon biza bisa asalin ƙasa, a shekarar kuma aka ƙirƙiro inshorar lafiyar tsofaffi da ta marasa galihu. Majinyata suka ƙaru, likitoci suka yi ta kwararowa daga Indiya da Filifin, har a farkon shekarun 1970 aka yi shekarar da kusan rabin sababbin masu lasisi 'yan ƙetare ne.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne dokar 1976. A lokacin makarantun likitanci na cikin gida suna ta faɗaɗa, ana kuma kukan cewa ƙasashe matalauta na horar da likitoci masu arziki na kwashewa. Kukan gaskiya ne. Sai dokar ta ayyana cewa ƙarancin likitoci ya ƙare, ta tsaurara jarrabawa, sannan ta wajabta wa duk likitan da ya zo horo da bizar J-1, wato bizar masu zuwa karatu ko horo na ɗan lokaci, komawa gida shekara 2 kafin ya nemi zama. Ko da ƙasarsa ta rubuto cewa ba ta damu da ya zauna ba, wannan takardar da ke yi wa sauran ɗalibai aiki ba ta yi wa likita. A 1980 wani rahoto ya ƙara da hasashen rarar likitoci 70,000 kafin 1990.

Lissafin na kawuna ne, bai duba inda kawunan suke kwana ba. Likitocin sun yi yawa a manyan birane, ƙauyukan tsaunukan Apalaciya da filayen noma na tsakiyar ƙasar kuwa ko oho. Babbar ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta yafiya: idan wata hukuma ta ce tana bukatar likitan, a ɗage masa sharaɗin komawa. Da kaɗan-kaɗan yafiyar ta zama kuɗin ciniki. Ƙauye na neman likita, likita na neman zama, sai aka haɗa su. A 1994 aka mayar da abin tsari da shirin Conrad, kowace jiha guraben yafiya 20 a shekara, aka kai 30 a 2002. Sharaɗin shi ne aikin shekara 3 a yankin da aka tabbatar yana da ƙarancin likitoci.

A nan, a ganina, matsalar rashin tallafi ga waɗannan likitocin ta samo asali. Zuwan likitan ƙauye ya fito ne daga dokar shige da fice, saboda haka abin da aka rubuta dalla-dalla shi ne abin da ake binsa: awa 40 a mako, fara aiki cikin kwana 90. Wa zai nuna masa yadda ake cike takardun inshora, wa zai riƙe masa asibiti ya huta, wa zai tuntuɓa idan ciwo ya fi ƙarfinsa cikin dare, duk an bar wa sa'a. Bizarsa tana ɗaure da mai ba shi aiki, barin wurin sai da ƙwaƙƙwaran dalili, in kuma bai cika wa'adin ba sharaɗin shekara 2 ya dawo kansa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya yawan ƙorafi, shirunsa kuma akan ɗauke shi a matsayin gamsuwa. Matar likitan ko mijinta, wanda sau da yawa shi ma mai digiri ne, galibi bizarsa ba ta ba shi izinin aiki. Ba mamaki da yawa su tattara su koma birni da zarar wa'adi ya cika, ƙauye ya sake jiran wani baƙon.

Akwai waɗanda suka zauna shekara talatin, suka karɓi haihuwar uwa da ta 'yarta. Akwai kuma 'yan Indiya da suka gama wa'adi tuntuni amma suna layin takardar zama ta dindindin, saboda kason kowace ƙasa bai wuce kashi 7 cikin 100 na takardun da ake bayarwa a shekara ba.

Sababbin dokokin jihohi lasisi suke taɓawa. Biza ba hurumin jiha ba ce, sharaɗin 1976 kuma yana nan yadda aka rubuta shi.