Tsofaffin taswirorin kufai na duwatsun Owyhee: amsa ta ƙarshe

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga masu tambayata kan tsofaffin taswirorin duwatsun Owyhee na jihohin Idaho da Oregon a Amurka, don haka ga ta a wuri guda.

Wa ya zana su?

USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka. An kafa ta a 1879, ta fara wannan aiki a 1884.

Sai na saya?

A'a. Suna intanet kyauta, a shafin topoView. Don Allah a daina turo min saƙo kan wannan.

Layukan nan masu ruwan ƙasa fa?

Tsayin ƙasa suke nunawa. Inda suka cunkushe, gangare ne mai tsanani. Inda suka ware, fili ne. Shuɗi ruwa ne. Ruwan hoda mai duhu kuwa gyara ne da aka ƙara daga baya ta hoton jirgin sama, ba wanda ya taka wurin da ƙafa.

Zan iya bin tsohuwar taswira har tsofaffin garuruwan haƙar ma'adinai na Silver City ko De Lamar?

Eh, amma da sharaɗi. Silver City ta Idaho, garin haƙar azurfa da aka kafa a 1864, har yanzu gine-ginenta na katako suna tsaye, hanyarta kuma sananniya ce, sai dai dusar ƙanƙara kan rufe ta da hunturu. Matsalar ƙananan hanyoyin ce. Layin da ka gani a takarda wataƙila hanyar keken doki ce da ruwa ya cinye tun tuni. Ko kuma tana nan, amma ta ratsa gandun kiwon wani, an sa kwaɗo a ƙyaure. Taswirar ba za ta nuna maka ina filin gwamnati ya ƙare, ina na makiyayi ya fara ba. Wannan sai taswirar BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka.

Sannan akwai ma'auni. Yawancin taswirorin tsakiyar ƙarni na 20 kan tsohon tsarin auna wuri mai suna NAD27 aka yi su, wayarka kuwa tsarin WGS84 na GPS take bi. Bambancin kan kusanci mita ɗari a yankin. A fili ba komai ba ne, amma a bakin tsohon ramin ma'adinai da ciyawa ta rufe, mita ɗari ba wasa ba ce. Idon ruwan da aka rubuta ma kada ka dogara da shi, ka ɗauki jarkarka.

To ke nan ba su da amfani?

Wa ya ce? Kwantar da hankalinka. Dutsen War Eagle da ke kusa da Silver City bai gusa ba. Sunayen da sabuwar taswira ta share, tsohuwar ce ta riƙe su.

In na tarar da ƙyaure?

Ka bar shi yadda ka same shi. Shanun mutane ne a ciki.