Waiwaye: Yadda Jamus ta sauke jiniyoyinta, ta dawo tana ɗora su

Ranar Alhamis, 10 ga Satumba 2020, da ƙarfe 11 na safe, an shirya cewa Jamus baki ɗayanta za ta ɗauki kukan jiniya. Gwaji ne na ƙasa, irinsa na farko tun haɗewar gabas da yamma a 1990. Lokaci ya yi, jama'a suka kasa kunne. A Berlin shiru, a Munich shiru, domin babu jiniyar da za ta yi kukan. Saƙon da aka tura ta manhajar waya mai suna NINA ya makara da kusan rabin awa. Kafin wata ya ƙare an sauke Christoph Unger daga shugabancin hukumar kare farar hula ta tarayya, BBK, mai hedikwata a Bonn. Amma laifin ya girmi mutum ɗaya, tushensa yana can baya shekara talatin.

Mu jiniya a motar asibiti ko a ayarin gwamna muka fi saninta. A wurin Bajamushen da ya ga Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, jiniya ita ce muryar da ke kora mutane cikin ramukan ɓuya kafin jiragen yaƙi su iso. Da aka shiga yaƙin cacar baka, Jamus ta Yamma ta sake gina tsarin: ofisoshin gargaɗi goma a cikin gine-ginen ƙarƙashin ƙasa, da jiniyoyi wajen 80,000 a kan rufin makarantu, ofisoshin gari da gidajen 'yan kwana-kwana, ana kunna su daga nesa ta layin tarho.

Mafi yawansu samfuri ɗaya ne, E57, sunan da ke nufin jiniyar bai-ɗaya ta 1957. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Jamus ya ga abin nan mai rufi kamar malafa a kan soro. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Injin lantarki mai ƙarfin kilowat 5 yana juya wani faifai mai ƙofofi tara sau 2,800 a minti. Faifan yana zuƙo iska ya watso ta waje, ƙofofin suna buɗewa suna rufewa, sai iskar ta tsinke sau 420 a daƙiƙa. Wannan tsinkewar ce kunne ke ji a matsayin kuka. In an yanke wuta faifan ya rage gudu, muryar ta sauka, in an mayar ta hau. Daga nan hawa da saukar nan mai tayar da tsikar jiki ta samo asali. Ƙarfin ƙararta wajen desibel 101 ne (ma'aunin ƙarfin sauti) a nisan mita 30, kuma a cikin gari 'yan ɗaruruwan mita take kaiwa. Jamus ta Gabas tana da tata mai kama da ita, DS977. Ƙarfe ne mai ƙarko, akwai waɗanda suka haura shekara hamsin suna aiki. Lagonta ɗaya ne, kuma babba ne: tana buƙatar wuta mai layi uku daga turken gari. Ranar da aka ɗauke wuta, E57 ta zama bebiya.

Injiniyoyin wancan zamani sun san da haka, domin a yaƙi tashar lantarki ake fara kai wa hari. Shi ya sa kamfanoni irin su Pintsch Bamag da Hörmann suka ƙera jiniya mai aiki da matsattsiyar iska. Doguwar hasumiya ce, a gindinta akwai tankin iska da injin dizal da ke cika shi. Lokacin gargaɗi sai a saki iskar ta bi ta wani ƙaramin faifai mai juyawa da batir, ta fita ta ƙahonni. Ƙararta tana kaiwa wajen desibel 130 a mita 30, ana jin ta kilomitoci da dama, guda ɗaya tana ɗauke aikin E57 masu yawa. Sai dai tsada, ga kula da inji, da tanki, da mai. Ba su taɓa yawa ba, yau kaɗan suka rage.

Da katangar Berlin ta faɗi, gwamnatin tarayya ta ga babu sauran abokin gaba, to kuɗin kula da jiniya na mene ne? A shekarun 1990 ta janye hannunta, ta rufe ofisoshin gargaɗi, ta ce garin da ke so ya karɓi nasa. Wasu suka karɓa don kiran 'yan kwana-kwana na sa-kai, wasu suka sauke suka zubar. Hamburg ta riƙe nata a yankunan bakin ruwa, domin ba ta manta da ambaliyar Fabrairu 1962 da ta ci mutum 315 a birnin ba. A tsarin mulkin ƙasar, kare jama'a lokacin yaƙi aikin tarayya ne, bala'in ruwa da wuta kuwa na jihohi da ƙananan hukumomi. Jiniya ta faɗa tsakanin biyun, kowa yana ganin na wani ne.

Daren 14 zuwa 15 ga Yuli 2021 ruwa ya nuna abin da aka yi asara. Ambaliya ta kashe fiye da mutum 180 a Jamus, sama da 130 daga cikinsu a kwarin kogin Ahr. A garin Sinzig mutum 12 sun nutse a wani gidan kula da masu buƙata ta musamman. Wuta ta ɗauke, turakun waya suka mutu, wanda yake barci kuma wace manhaja ce za ta tashe shi? A Wuppertal an kunna jiniyoyi a daren, gidan rediyon garin ya kwana yana faɗa wa mutane abin yi. Masu aikin ceto suna da kalma ɗaya da suke ta nanatawa tun daga lokacin, ma'anarta ikon tayar da mai barci. Rediyo da talabijin sai an kunna su, jiniya ita ke zuwa ta same ka.

Wadda ake ɗorawa yanzu jiniya ce ta lasifika. Babu abin da ke juyawa a cikinta: amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ce ke tura sauti cikin ƙahonnin alminiyum, da batir da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, wasu har da faifan sola. Samfura irin su ECI 600 da ECI 1200 na Hörmann lambar sunansu ita ce yawan wat ɗinsu, kuma ana ƙara ƙahonni ko a karkata su inda gidaje suka fi yawa. Tana iya magana da muryar mutum, tana iya sanar da ofis in ta sami matsala. Masu son tsohuwar suna cewa muryar sabuwar siririya ce, ba ta ratsa bango kamar ta E57, ga tagogin zamani masu gilashi biyu ko uku da ke tare ƙara. Ƙorafin yana da hujja, batir da kayan lantarki kuma ba za su yi ƙarkon wancan injin ba. Duk da haka ni dai ina bayan sabuwar. A daren Ahr abin da ake buƙata shi ne wadda za ta yi kuka bayan wuta ta tafi.

Akwai kuma batun fahimta. Minti ɗaya na hawa da sauka yana nufin haɗari, a nemi bayani a rediyo ko waya. Minti ɗaya na sauti miƙaƙƙe yana nufin haɗari ya wuce. Sauti miƙaƙƙe da aka katse sau biyu kiran 'yan kwana-kwana ne. Matasa da yawa sun tashi ba su taɓa jin ko ɗaya ba, kuma tsohuwar jiniyar da aka bar wa 'yan kwana-kwana sau da yawa sai an sauya mata na'urar karɓar umarni kafin ta iya fitar da sautin gargaɗi.

Tarayya ta ware Yuro miliyan 88 don taimaka wa garuruwa su sayi sababbi, jihohi da dama suka ce kuɗin bai kai ko'ina ba. A Fabrairu 2023 aka ƙaddamar da tsarin tura gargaɗi kai tsaye zuwa wayoyin salula da ke yankin haɗari, ko babu manhaja. Ranar gwaji ta zama ta shekara-shekara, Alhamis ta biyu a watan Satumba. A gwajin 2025 ne mazauna Berlin suka sake jin jiniya daga saman rufi, karo na farko cikin fiye da shekara talatin.